Wasiƙa a Aljihun Tebur

Ke da za ki gaje ni a wannan aji,
mabuɗi na ƙarƙashin tukunyar fure.
Ƙofar takan cije, ki sa mata kafaɗa.
Shekara talatin da ɗaya na yi nan
a gaɓar Titikaka, inda iska ke da kaifi,
numfashi ma sai an lallashe shi yake zuwa.

Kada ki fara da allo.
Allo na nan, ba shi da ƙafar gudu.
Ki ce kowa ya zo da dankali ɗaya daga gida,
baƙi, ja, mai zane, mai kama da dunƙulen jariri.
Ku baje su a kan bargo,
a ware dangi-dangi, a ƙirga da ƙarfi.
Shekarar farko Isidoro ya kawo dafaffe,
kafin mu kai goma ya kai shi ciki.
Goma ta koma tara, bakinsa na motsi.
Ranar muka koyi ɗebewa,
ba ni na koyar ba, yunwa ce.

Haruffa kuwa, ki roƙi iyaye ragowar zaren ulu.
A lanƙwasa shi a ƙasa,
yatsa ya bi, ido a rufe.
Wani harafin wuyan tsuntsun tafki ne,
wani bakin Fermina ne in tana hamma.
Abin da hannu ya taɓa,
kai ba ya saurin sakinsa.

In rana ta fito, ku fita.
Kowa ya zana inuwar ɗan'uwansa da alli,
da hantsi sau ɗaya, da tsakar rana kuma.
Za su zo miki da ƙara:
"Malama, wa ya gutsure mini inuwa?"
Kada ki amsa.
Bar su da tambayar ta kwana a gidajensu.

Akwai ranar jirage.
A ɗaure karan tafki kamar yadda kakanninsu ke yi,
a sa a baho, a loda tsakuwa ɗaya-ɗaya.
Kowa ya faɗi ta nawa ce za ta nutsar da nasa.
Za a jiƙe. Ki tanadi tsumma da haƙuri.

Ba duk dabara ce ta yi mini rana ba.
Na taɓa shigo da ɗan lama cikin aji,
wannan ƙanin raƙumi marar tozo,
don mu ƙirga ƙafafu da kunnuwa.
Ya tofa wa shugaban makaranta yawu,
ya cinye rabin taswirar Boliviya.
Kudu har yau babu, kya gani a bango.

Sai Nayra.
Wata huɗu ba ta ce mini uffan ba.
Aimaranci ne a bakinta, Sifaniyanci a bakin aji,
ta tsaya tsakani kamar mai jiran kwalekwale.
Na ɗauki tsohuwar safa, na ɗinka mata idon maɓalli,
na ce wannan baƙuwa ce, ba ta san komai ba.
Safa ta nuna tunkiya ta ce kifi.
Ta nuna wata ta ce cuku.
Aji ya kece da dariya,
sai wata siririyar murya daga can kusurwa:
"A'a! Ba haka sunansa ba."
Na juya na goge allon da babu rubutu
don kada su ga idona.

Safar na nan a wannan aljihu,
ido ɗaya ya faɗi, ki nemo mata wani.
Ga gwangwanin tsakuwa, ga guntun alli.

Na kusa mantawa:
ɗan Isidoro na cikin sababbin bana.
Ranar dankali,
ki yi ƙirgan da sauri.